Na'ibin Liman a Taron Masu Giya

Tun da na dawo daga Ingila ban samu na sha shayi cikin natsuwa a majalisarmu ba. Wannan ya tambaye ni sanyi, wancan ya tambaye ni ko da gaske ne Turawa ba sa gaisawa, daga ƙarshe kuma kowa ya yi ƙasa da murya ya zo kan abin da ya kawo shi, wato hoton nan da ya zagaye wayoyinku. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi ana ƙara masa gishiri a hanya, don haka ga shi nan tun daga tushe.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Sabi'u. Ina koyarwa a wata kwalejin aikin gona, kuma idan limamin unguwarmu ya yi tafiya ni nake jan salla. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana gonar inabi a wani ƙauye da ke gefen hanyar Zariya zuwa Kano. Itatuwan sun kusa shekara arba'in, sa'annina ne. A 'yan shekarun nan sai suka fara ja da baya, nonnan suna ƙanƙancewa, wasu gindayen suna bushewa ta ciki. Babban wanmu, Yaya Bala, ya ce a tuge su a zuba tumatir da tattasai. Na ce a yi haƙuri. Ya ce ai ni ne malamin gona, in zo da magani ko kuma girbin bana ya zama na ƙarshe.

A cikin wannan hali ne na kai kukana wurin Nasiru, wanda kuskure ne tun farko. Nasiru ɗan gwaggona ne, taubashina, likita a Manchester. Yana ce mini bawansa, ni ma ina ce masa bawana, har yau ba a raba gardamar ba. Bayan sati biyu ya kira ni ya ce ya samo mini wani taro a Birmingham, na manoman da ke riƙe da tsofaffin itatuwan inabi ba tare da feshin magani ko takin zamani ba. Shi ya cike takardu, shi ya turo wasiƙar gayyata. Na karanta ta sau biyu, na ga tsofaffin itatuwa, na ga gonakin gado, na ga kare ƙasa. Duk abin da Nasiru ya faɗa mini gaskiya ne. Abin da bai faɗa ba shi ne matsalar.

Na sauka Manchester da safe a farkon watan Nuwamba, sanye da kaftani da hula da wata rigar sanyi da na saya a kasuwar Kwari, wadda mai shagon ya rantse mini ko a cikin firji ba zan ji komai ba. Ma'aikaciyar da ke duba fasfo ta tambaye ni abin da ya kawo ni, na miƙa mata wasiƙar. Ta dubi wasiƙar, ta dubi hulata, ta sake duban wasiƙar. Ta tambaya ko ana noma inabi a Nijeriya, na fito da waya na nuna mata rumfunan gonarmu har ta fara kallon layin da ke bayana. Da ta buga hatimi sai ta yi murmushi ta ce kada in sha da yawa. Na ɗauka ruwan sanyi take nufi, na yi mata godiya bisa kulawa.

A wajen ɗaukar kaya wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna a gaban akwatina kamar an aiko shi. Aka buɗe, aka sami kilishin da Inna, mahaifiyarmu, ta sa aka naɗe wa Nasiru a cikin zannuwa biyu. Jami'in ya ce ba a shiga da nama. Ya ɗauko ƙullin daddawa ya sunsuna, ya ja da baya, ya tambaye ni ko wannan ma dabba ce. Na ce 'ya'yan itace ne. Ya mayar mini da sauri. Kilishin kuwa aka wuce da shi, karen yana binsa da kallo, ni ma haka.

Gidan Nasiru yana unguwar Levenshulme, a cikin jerin gidajen jan bulo da suka manne da juna kamar haƙora. Likita guda, amma ɗakin da aka sauke ni idan na miƙe ƙafa sai ta taɓa ƙofa. Matarsa Hadiza ta tarbe ni da tuwon shinkafa da miyar kuka, kuma daddawar nan da ta tsira ta fi faranta mata rai fiye da ganina. A kan abinci na ji halin da ake ciki. Gwamnati ta tsuke bakin aljihu, an rufe ɗakin karatun da yaransu ke zuwa, an rufe wurin renon yara inda ita Hadiza take aiki. "Council sun yi cutting ɗin post ɗina tun bara, Malam," in ji ta, tana ƙara mini miya. Na'urar ɗumama gida ma da awa take kunna ta, kamar yadda muke yi da janareto. Na ce ashe ku ma ana ɗauke muku wuta, sai dai ku da hannunku kuke ɗaukewa.

Da asuba na tayar da salla da irin muryar da na saba, ta mai jan sahu uku. Ban kai rabin Fatiha ba na ji ana ƙwanƙwasa bango. Maƙwabciyarsu ce, wata tsohuwar Baturiya. Da hantsi na je ba ta haƙuri. Ta ce ba ta ji haushi ba, muryar ma ta yi mata daɗi, sai dai ko za a iya mayar da abin ƙarfe tara. Na ce ba ni ke tsara lokacin ba, amma zan rage sauti.

Kwana uku na yi a Manchester. Na hau bas a Stockport Road na yi wa mutane sallama ɗaya bayan ɗaya, wata mata ta matsar da jakarta. A kasuwar Longsight wani mahauci ɗan Pakistan ya tambaye ni ko lafiya nake, na tsaya na yi masa bayanin sanyin da ke damun gwiwata da maganin da nake shafawa, sai daga baya Hadiza ta ce gaisuwa ce kawai, ba a amsa ta da tarihi. A wani babban kanti na ga inabi a cikin robobi, kowane ɗa daidai da ɗan'uwansa, ba ƙwallo, ba tabo. Na saya na ɗanɗana. Ruwa ne da sukari aka sa wa riga.

Abin da ya kamata ya sa ni zargi shi ne Nasiru ya ɗauki hutun kwana biyu don ya kai ni Birmingham da kansa. Mutumin da tun zuwana yake kukan an rage musu ma'aikata, marasa lafiya sun yi yawa, ko abincin rana a tsaye yake ci. Ya kuma dage in sa babbar riga, wai don a san Nijeriya ta zo. Na sa farar shaddata mai aska biyu. Muka hau babbar hanya cikin yayyafi, rabin hanyar an tare ta da jajayen robobi ana gyara, ba kuwa ma'aikaci ko ɗaya a wurin. Muka tsaya a wata tashar hutawa muka sha shayin da aka zuba a kofin takarda, mai ɗanɗanon kofin. Duk tsawon tafiyar Nasiru yana ta fito. Ya sanar da ni cewa a gidan abokinsa Alhaji Kabiru za mu kwana, wani akanta da ke shugabantar ƙungiyar Hausawan garin, kuma an riga an tara mutane da yamma don su gaisa da malamin da ya zo daga gida.

Taron a wani tsohon ɗakin taro ake yinsa, a tsakiyar gari. A bakin ƙofa wata budurwa ta rataya mini kati mai sunana, ta miƙo mini kofin gilashi mai doguwar ƙafa, babu komai a ciki. Na karɓa da hannu biyu, na ce a raina mutanen nan sun san darajar baƙo, tun daga ƙofa ake ba da kofin ruwa. Nasiru ya ce in ɗan tsaya a nan, in ɗaga kofin, in yi murmushi. Na yi. Wannan shi ne hoton.

Da muka shiga sai wari ya fara yi mini sallama, wani tsami-tsami kamar na ƙullun da ya kwana uku. Tebura ne jere har ƙarshen ɗaki, kowanne cike da kwalabe. Ga Turawa nan sun fi ɗari, kowa da kofi irin nawa. A zuba wa mutum wani jan abu, ya karkaɗa, ya tsoma hanci a ciki ya lumshe ido, ya kurɓa, ya kurkure baki, sannan ya sunkuya ya tofar a bokiti. Na daɗe ina kallo kafin kaina ya haɗa lissafin. Abin da ya fara zo mini shi ne, ashe giya ce, kuma su ma ba sa iya haɗiye ta. Na biyu shi ne cewa ni, na'ibin liman, ina tsaye da babbar riga a tsakiyar taron masu giya da kofi a hannu.

Na ajiye kofin a kan tebur kamar garwashi na waiga. Nasiru ya jingina da bango, dariya ta hana shi tsayuwa.

"Ai ban yi maka ƙarya ba, bawana," in ji shi. "Ka ce tsofaffin itatuwan inabi kake nema. Duk duniya su wa kake tsammani suke riƙe da su?"

Na tattare riga na fita ta wata ƙofar gefe, na sami kaina a inda ake sauke kaya. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ba hoton ne ya fi damuna ba a lokacin, tunanin Yaya Bala ne, da yadda zan koma in ce masa na ƙetare teku na dawo da labarin bokitin tofi.

A nan na ga tsohuwar. Tana zaune a kan wani akwatin katako cikin baƙaƙen kaya da ɗankwali, gajeriya, da hannuwa irin na matan ƙauyenmu masu surfe. A cinyarta akwai wani guntun itace baƙi, murɗaɗɗe, mai kaurin cinyar mutum, tana goge shi da tsumma. Ko daga nesa na san gindin inabi ne, amma ban taɓa ganin mai wannan kauri ba. Na manta da fushi na matsa. Ta dube ni daga hula har takalmi, ta miƙo mini shi. Na juya shi ina neman manyan tabban da zarto ke bari, irin waɗanda suka cika namu. Babu ko ɗaya. Ƙananan tabbai ne kawai a jere ta gefe guda, kamar tsagar gado.

Wani mutum mai kimanin shekaruna ya fito ɗauke da kwali, ya ce shi ne Rui, wannan mahaifiyarsa ce, Dona Amaliya, ba ta jin Turanci. Daga arewacin Fotugal suka zo, daga wata gona a gefen dutse. Kakan mahaifinsa ne ya dasa itatuwan, sun haura shekara ɗari, kuma jar giyar da suka kawo daga su ake yinta. Wannan gindin tsawa ce ta kashe shi, shi ya sa suke yawo da shi suna nunawa. Shi Rui injiniya ne a birni, da tattalin arzikin ƙasarsu ya durƙushe aka sallame shi, ya koma gona wurin uwarsa. 'Yan'uwansa suna so a sayar da gonar. Sun zo Ingila neman wanda zai riƙa sayen giyar ne, in ba su samu ba, ba shi da sauran abin da zai faɗa wa 'yan'uwan nasa. Na ce masa ni ma ina da Yaya Bala.

Na fito da waya na nuna wa tsohuwar gonarmu. Ta sa tabarau, ta ja hoton da yatsa har ya cika fuskar wayar da wani gindi da aka yanke wa babban reshe. Ta yi wata magana gajeriya. Rui ya fassara.

"Tana tambaya wane mahauci ne ya yi wannan."

Ni ne. Da zarto sabo na yi shi, ɗalibai goma sha biyu suna kallo suna rubutawa. Na ce mata wani ma'aikaci ne da muka riga muka sallama. Ta dube ni ta saman tabarau har sai da na ce ni ne.

Awa ɗaya da rabi muka yi a wurin, cikin sanyi. Ta ɗebo wasu rassa daga cikin kayan adon teburinsu, ta zaro wata 'yar wuƙa mai lanƙwasa daga aljihu, ta shiga yi mini darasi. Ta ce ruwan jikin itace yana da hanyarsa kamar jijiya, duk babban yanka da aka yi a tsohon jiki yana busar da abin da ke ƙarƙashinsa, shekara bayan shekara har hanyar ta toshe, itacen ya mutu ta ciki yana tsaye. A yi askin a kan ƙananan rassa kawai, ta gefe ɗaya, a bar ɗan tsawo kada a yanke dab da jiki. Waɗanda suka riga suka lalace, a bar sabon tsiro daga ƙasa ya taso ya gaji tsohon, saiwar tana nan da ranta. Ba sa feshin kashe ciyawa, tumaki suke sakawa bayan girbi su ci su bar taki, kuma suna shuka wake a tsakanin layuka. Ta ce tsohon itace ba ya ba da yawa, amma shekarar da aka yi fari duk sababbin gonakin maƙwabtansu sun ƙone, nata ko ganye bai zubar ba. Wasu abubuwan na san su a littafi, har na sha ba da su a jarrabawa. Ban taɓa ganin wanda ya yi su shekara sittin da hannunsa ba.

Daga nan ta aiki Rui ya kawo kwalba da kofi. Na dafa ƙirji na ce addinina ya hana. Ba ta yi mamaki ba. Ta ce ita ma likita ya hana ta shekara takwas ke nan, hanci kawai take sawa ta san ko giyar ta yi. Sai ta buɗe wani kwando ta ɗauko nonon inabi ɗaya daga waɗanda ta ajiye tun girbi, 'ya'yan ƙanana, baƙaƙe, sun fara yamushewa. Na sa ɗaya a baki. Fatar tana da kauri, ƙwallo uku a ciki, zaƙin kuma ba ya zuwa da farko, sai ka tauna ya taso da ɗan ɗaci da wani ƙamshi kamar na ƙasar da aka yi wa ruwan fari. Na cinye nonon duka ina tsaye, ina tofar da ƙwallayen a tafin hannu.

A lokacin ne Nasiru ya same mu, waya manne a kunne, ana nemansa daga asibiti. Rui ya kawo jakunkunan takarda guda biyu iri ɗaya. Ya ba ni ɗaya ya ce man zaitun ne na gonarsu. Sannan ya nuna Nasiru da haɓa, ya tambaye ni a hankali ko shi ma ɗan'uwan nawa ba ya sha. Ina so a rubuta amsar da na ba shi daidai, domin an yi mini ƙari a kanta. Cewa na yi, "Shi ya kawo ni nan." Rui ya miƙa masa ɗaya jakar, Nasiru ya karɓa yana gyaɗa kai yana ci gaba da maganar allura. A mota ya tambaye ni mene ne a ciki, na ce ni dai tawa man zaitun ce.

Gidan Alhaji Kabiru ya cika da magariba, injiniyoyi, likitoci, ɗalibai masu neman digiri na uku, kowa da hularsa da ya ciro daga ƙasan akwati. Na ja salla, aka kawo dambu da farfesu. Nasiru, wanda ba ya son a riga shi abin arziki, ya miƙe ya ce ga ɗan tsaraba sun zo wa mai gida da shi, man zaitun na asali daga gona. Alhaji Kabiru ya yi godiya, ya sa hannu ya zaro kwalba baƙa mai dogon wuya. Ya nemo tabarau. Akanta ne, ba ya tsallake layi. Ya karanta takardar jikin kwalbar tun daga sunan gonar har zuwa ƙananan lambobin da ke ƙasa, a fili, sannan ya ajiye ta a tsakiyar ledar cin abinci ya janye hannunsa.

Nasiru ya dube ni. Ni kuwa ina ta fama da wani ƙashi a farfesuna.

Ya sunkuyo ya raɗa mini cewa in yi magana, zai goge hoton. Na tambaye shi ko ya riga ya tura wa wani. Ya ce dangi kawai. Dangi a wurinmu mutum tamanin ne da 'yan kai. Don haka na ƙara ɗaukar lokaci a kan ƙashin, na sha ruwa, na goge hannu, sannan na ba su labarin tun daga ƙofar ɗakin taro. Alhaji Kabiru ya yi dariya har sai da aka bubbuga masa baya.

Sai kuma aka shiga shawarar yadda za a yi da kwalbar, wadda ta fi labarin tsawo. Wani injiniya ya ce a tuttular a makwarara, matar gidan ta aiko daga ciki cewa ba a tata makwararar ba. Wani ya ce a ba maƙwabci Bature, aka ce ba da ita ma laifi ne. Wani ɗalibi ya kawo batun mayar da ita ruwan tsami, aka rabu gida biyu ana jawo littattafai daga waya. Da aka juyo gare ni a matsayin malami, na ce a mayar wa masu ita, kuma wanda ya karɓo shi zai ɗauka. Kwalbar ta kwana a bayan motar Nasiru, a nannaɗe da jarida.

Washegari muka koma ɗakin taron. Na tsaya a ƙofar gefe, Nasiru ya shiga da jakarsa yana waige-waige kamar ɓarawon kaza. Da Rui ya fassara wa Dona Amaliya abin da ya faru, ta fito tana share hawayen dariya da gefen ɗankwali. Rui ya ce wani mai gidajen abinci biyu ya ɗanɗana jiya ya ce zai dawo, ba su sani ba ko zai dawo ɗin. Na rasa addu'ar da ta halatta in yi musu, sai na ce Allah ya bar musu gonarsu. Tsohuwar ta karɓi biro ta zana mini gindin inabi a bayan wata takarda, da alamar inda ake yanka da inda ba a taɓawa. Ta so ta ba ni rassa in dasa, na tuna da karen nan mai dogayen kunnuwa na ce ta bar su.

Kwana huɗu da dawowata muka zauna a tsakar gidanmu na ƙauye, ni da Yaya Bala da ƙannenmu biyu, Inna tana gefe a kan tabarma tana gyaran zogale. Yaya Bala ya fara da ajiye wayarsa a gabana da hoton a buɗe, ya ce in fara bayani daga nan. Na yi. Sannan na shimfiɗa takardar da tsohuwar ta zana mini, na yi bayanin aski da tumaki da wake, na nemi a ba ni shekara uku. Na kuma faɗa musu cewa zartona ne ya jawo rabin ciwon, abin da ban yi niyyar faɗa ba. Yaya Bala ya ce duk ya ji, amma tumatir wata uku ne, kuma shi bai ga dalilin da zai sa a bi shawarar mai yin giya a gonar Alhaji mahaifinmu ba. Ƙannen suka gyaɗa kai irin na masu goyon bayan babba. Na ga abin ya kuɓuce mini.

Inna ba ta taɓa sa baki a maganar gona ba tun rasuwar mahaifinmu. Ba ta ɗago daga zogalenta ba ta ce, "Gonar Alhaji kuke ce mata. Alhaji rassa ya kawo a cikin jiƙaƙƙen buhu, ya soka su a ƙasa, ya koma Kaduna wurin aikinsa. Rani biyu ina jan ruwa a rijiya ina bin su ɗaya-ɗaya da tulu, Sabi'u a bayana, kai Bala kana riƙe da zanena kana kuka. Wanda zai tuge su ya bari sai an kai ni."

Yaya Bala ya jawo takardar zanen gabansa, ya juya ta daidai, ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni tumaki nawa ake bukata.

Da na tashi tafiya Inna ta kira ni ta tambayi shekarun tsohuwar. Na ce za ta yi tamanin. Ta tambaya ko da kanta take askin har yanzu, na ce da kanta. Sai ta ce ranar da za a fara namu in zo da mota in ɗauke ta, kuma kada in kuskura in taho da zarton nan.